Hannun da Gwaggo Ta Zaɓa

Ƙanwata Mansura bahaguwa ce, amma in ka bi mutanen da ta yi wa aikin haƙori a Malumfashi ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka sami wanda zai gaya maka haka. Ni da muka fito ciki ɗaya na sani. Gwaggo Tasalla ma ta sani, don ita ce ta yi rantsuwa sai ta raba ta da abin.

Gwaggo yayar babanmu ce, a Gozaki take aure. Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ya sa da aka yaye Mansura aka kai mata ita riƙo. Ba zan ɗauki alhakinta ba, ta so yarinyar nan kamar ta haɗiye ta. Amma ranar da ta ga ta kai hagu cikin kwanon tuwo, hankalinta ya tashi. Ta yago tsumman zane ta ɗaure hannun a jikin yarinya, in tsumma ya kwance kuma ludayi yana kusa. In an yi mata magana sai ta ce, "So kuke ta girma tana miƙa wa manya ruwa da hannun tsarki? Ba a gidana ba."

Mansura ba mai gardama ba ce, ni ce aka bar wa wannan. Ta koyi ci da dama, ta koyi rubutu da dama, duk da rubutun nata sai ka rantse kaza ce ta yi tono. Hagun kuwa ya koma aiki a ɓoye. Shi ke zare mana ƙaya a ƙafa, shi ke zura wa Gwaggo zare a allura in ta kau da kai. Lokacin tsinar auduga, da yake babu mai lura da hannun kowa a gona, buhunta ne ke fara cika.

Da ta gama sakandare ta sami makarantar koyon aikin lafiya, ɓangaren haƙori. Ranar da aka fara shiga da su ɗakin aiki ta ga yadda aka kafa kujerar: tiren kayan aiki a dama, kwanon tofar da yawu a hagu, da bututunsa a binne cikin siminti. Mai aiki wurinsa ɗaya ne, gefen daman marar lafiya. Ta tambayi malaminsu yadda bahago zai yi, ya yi dariya ya ce su dai ba su da kujerar bahagwai. Ba ta sake tayar da maganar ba, abin da ta saba ne tun tana cin tuwo a gaban Gwaggo.

Ni tela ce, kuma da aka turo ta aiki Malumfashi shagona bai da nisa da asibitin. In ɗinki ya ishe ni sai in leƙa in dame ta da surutu tana wanke kaya. A nan na san ƙarafan nan. Akwai ɗan madubi mai dogon mariƙi, akwai mai baki kamar ƙugiya da take laluben rami da shi, akwai na kankare dattin da ke daskarewa a gindin haƙori, wanda masu cin goro suka fi kowa tara shi. Sai filayoyin cire haƙori, na sama daban, na ƙasa daban. Duka da ƙarfen nan da ba ya tsatsa aka yi su, don su jure tururin da ake dafa su da shi bayan kowane mutum.

Na taɓa tambayarta ko akwai na hagu. Ta ce, "Yaya Hansai, ƙarfen ba ruwansa. Dubi wannan, baki biyu gare shi, duk hannun da ya ɗauka zai yi aiki. In ban da almakashi da wata filaya da aka lanƙwasa wa ƙafa don ƙaramin yatsan dama, sauran ba su san hagu ba. Kujera ce da mutane."

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne mariƙin. Siriri ne, bai kai kaurin biro ba, ga shi curin ƙarfe ne mai nauyi. In za ta kankare datti sai ta matse shi da yatsu uku da iya ƙarfinta, tun safe har la'asar. Kuma da yake dama ba hannunta ba ne, matsar da take yi ta ninka ta abokan aikinta, don kullum tana tsoron kada ya kufce ya yanki dasashin mutum. Shekara goma sha wani abu tana haka, ba ta taɓa yankar kowa ba. Har daga garin Dayi mata ke zuwa suna cewa sai ita.

Abin ya fara da sagewar babban yatsa da biyun da ke kusa da shi. Da safe sai ta yi ta yarfa hannu kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Daga nan kofi ya fara faɗuwa. Na ce mata aljanun haƙoran mutane ne suka biyo ta, ta yi murmushi, amma na ga tsoro a idonta, ni ma kuma na tsorata.

Ta yi dabara irin ta 'yan gona. Yadda ake naɗe ƙotar fartanya da robar tayar keke, haka ta naɗe mariƙin ƙarfe guda don ya yi kauri. Ta ce riƙon ya yi daɗi sosai. Amma da aka fito da shi daga tururi robar ta yi danƙo tana wari, da ta warware kuma ta tarar da jirwayen jini a ƙarƙashi. Da kanta ta yanke ta jefar, ta ce ba za ta kai cutar wani bakin wani ba saboda hannunta.

Habeeb, wani Bayarabe haifaffen Funtua da ke kawo wa asibitoci kaya, shi ya zo mata da sabon samfuri. Mariƙinsa ya kai kaurin yatsa, cikinsa fanko ne, ba nauyi, an lulluɓe shi da wata roba mai laushi da tururi ba ya yi wa komai. Ina wurin lokacin da ta karɓa. Ta jujjuya shi, ta ce, "Ashe ba sai an matse ba." Ta sayi guda na kanta. Ya taimaka wajen kankara, amma filaya tana nan yadda take, cire haƙori kuwa aikin ƙarfi ne.

Likitan ƙashi da ta gani a Funtua bai ɓoye mata ba. Ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, kuma ta yi nisa. In ta hutar da hannun daga matsa zai iya lallaɓawa, in ta ci gaba za ta wayi gari yatsun ba sa jin komai. Mai aikin haƙori kuwa da yatsu yake gani, in ba ya ji, aiki ya ƙare. Mansura tana son aikin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Shi ne abu ɗaya da ta zaɓar wa kanta a duniya.

Ita ce ta kawo shawarar komawa hagu. Ta riƙa sayen kan akuya wurin mahauci, ta kafa shi a kan turmi a tsakar gidanta, ta yi ta gwaji da wata tsohuwar filaya. Mijinta Haladu ya ce shi dai bai taɓa cin farfesun kai mai giɓi ba sai a wannan shekarar. Ni ma na sha romo har na gaji. Amma ka ga hagun nan yana aiki! Haƙori ya fito da saiwarsa, ba karaya, ba kokawa. Ranar na ga ta yi dariya har da hawaye, rabon da in ga haka na manta.

Shugabansu, Likita Ambrose, mutumin kirki ne. Ya sa aka janye kabad ɗin da ke gefen hagun kujera don ta sami wurin tsayawa, ko da a takure. Ta fara da yara, su ba ruwansu da hannun da ya taɓa su in dai an gama da wuri. Dama ta koma riƙe madubi da tallafe muƙamuƙi kawai. Sagewar ta fara raguwa, har muka fara cewa an tsallake.

Ana cikin haka aka aiko daga Gozaki cewa kuncin Gwaggo ya kumbura. Haƙorin tauna ne na can ƙurya, ta sa kanumfari har ta gaji. Ni na je na ɗauko ta. Mansura ta duba, ta ba ta magani, ta ce in kumburin ya saɓe a dawo a cire. Muka dawo.

Allurar kashe zafi da hagu aka yi ta, Gwaggo ta runtse ido ba ta gani ba. Sai da ake jiran baki ya mutu ta buɗe ido, daidai lokacin da Mansura ta miƙa hannu kan tire ta ɗauki filaya. Ta kalli hannun, ta kalli gefen da Mansura take tsaye.

"Ke Mansura," in ji ta, harshe na mata nauyi, "da wane hannu za ki shigo mani baki?"

"Gwaggo, damar ce ke mani ciwo. Wannan ya fi iyawa, wallahi ba za ki ji komai ba."

"Ni? Ni Tasalla za ki kawo wa ƙarfe da hagu? Ashe duk wahalar da na sha a kanki ta banza ce?"

Mansura ta ce to bari a kira Likita Ambrose, yana ɗakin gaba. Gwaggo ta ce ita tana da ɗiya a wurin nan ba za ta hangame wa ƙato baki ba. Ta fara laluben takalminta da ƙafa, ta ce a mai da ta, akwai mai cire haƙori ranar kasuwa, shi dai da dama yake aiki. Mun san irinsu. Filayar kanikawa ce, daga wannan baki zuwa wancan, ko ruwan zafi ba ta gani.

Raina ya ɓaci, na miƙe na ce, "Haba Gwaggo! Hannun yarinyar nan mutuwa zai yi, likita ya faɗa!"

"Yaya, ki zauna," in ji Mansura, ba ta ko kalle ni ba. Ta zagaya ta koma gefen dama, ta mayar da filayar ɗaya hannun. "Buɗe, Gwaggo."

Haƙorin tsofaffi yakan manne da ƙashi, ga shi da saurin karyewa, sai an bi shi a hankali kuma ba a sassauta riƙo. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai ga gumi ya jiƙa mata hijabi, tana cije leɓe. Abin da ya fi ƙona mani rai, yatsun hagunta suna cikin bakin Gwaggo tsundum, su ke riƙe da muƙamuƙi, kamar yadda suke shiga bakin kowa duk shekarun nan. Ba wanda ya taɓa damuwa, idon kowa a kan ƙarfen yake. Haƙori ya fito lafiya lau, ko ɓantarewa bai yi ba. Amma da ta zo ajiye filayar, yatsun sun ƙi buɗewa. Sai da ta sa hagu ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ta juya baya don kada Gwaggo ta gani.

Daga ranar hannun bai sake komawa daidai ba. An yi mata aiki a Zariya, zafin ya tafi, amma jin bai dawo ba, naman gindin babban yatsa ma ya lotsa. Likitan ya ce ba za a ɗora wa yini ɗaya ba, ɓarnar shekaru ce. Shi ya san karatunsa, ni kuma na san abin da idona ya gani. Aiki da hagun ma ya gagara, don dole dama ta tallafi muƙamuƙi ta ji motsin ƙashi, ita kuma ta ce ba za ta yi wa bakin mutane lalube ba. Yanzu tana zaune a baranda da wani ƙaton haƙorin roba, tana nuna wa mata masu goyo yadda ake goge baki. Ƙarfen nan mai kaurin mariƙi ta ba wata sabuwar ma'aikaciya, Bushra, ta ce mata ta fara da shi tun yanzu.

Bayan an gama girbi Gwaggo ta zo godiya, da ƙwan zabi da 'yar dawa a buhu. Ta yi ƙiba, tana cin goronta. Mansura ta hana a gaya mata komai, ta ce tsohuwa ce, me za a ƙara mata. Muna zaune a kan tabarma Gwaggo ta jawo hannun daman ta ɗora a cinyarta, ta riƙa murza yatsun tana shafawa.

"Kin gani ko, ɗiyata?" ta ce. "Da na bar ki da hagun nan, wa zai buɗe maki baki? Allah shi yi wa hannun nan albarka."

Na buɗe baki, Mansura ta riga ni. Ta ce, "Amin, Gwaggo."

Muka raka ta tasha, muka sa ta a motar Gozaki. Muka juyo. Mun kusa gida Mansura ta ɗaga hannun tana kallonsa.

"Tun ina ƙarama nake so ta riƙe mani hannu haka, ba don ta ɗaure ba," ta ce. "Na ga tana murzawa, Yaya. Ban ji ba."