Motar Alhamis ta Gorna Leska

Shekara talatin da ɗaya Boncho ya yi yana tuƙa bas tsakanin ƙauyen Gorna Leska da birni. Lokacin da ya fara, mutanen ƙauyen sun haura ɗari takwas. Sawu huɗu yake yi a rana, mota maƙil da 'yan makaranta da ma'aikatan masaƙa da mata riƙe da kwandunan cuku. Shi ya kai yawancinsu tasha da akwatunansu ranar da suka tafi neman aiki Jamus da Sifen. Sa'ad da ya ajiye tuƙi, mutum arba'in da uku suka rage, makaranta ta zama ma'ajiyar ciyawa, motar kuma ta koma zuwa ranar Alhamis kaɗai.

Da sanyin bara matarsa Stoyanka ta zame a kan ƙanƙara ta karye a ƙugu. Awa uku tana kwance kafin motar asibiti ta hauro dutsen da ƙauyen yake kai. Da aka sallame ta, 'yarsu Ralitsa ta ce ba za ta sake barinta inda babu likita ba, ta ɗauke ta zuwa gidanta a birni, hawa na shida. Boncho ya zauna saboda awaki.

Kowace Alhamis sai ya aske gemu, ya ɗaure kwalbar madara da ƙwai a tsumma, ya zauna bayan direba, Velichka, wadda shi ya riƙa kai ta makaranta tana ƙarama.

“Kin saki giya da wuri, ga kwana nan tafe.”

“Kawu Boncho, ko dai in sauka ka karɓa?”

“Da idona na gani, ai da tuni kin koma baya.”

Awa biyu yake samu da matarsa kafin motar ta juya. Ita kuwa ba ta tambayar lafiyarsa. Sai dai wa ya rasu, rijiya ta ja baya, inabin ƙofar gida ya yi 'ya'ya?

Wata Alhamis cikin kaka ya tarar da ita ta ɗaura ɗankwali, sandarta a hannu, Ralitsa na wurin aiki.

“Tsoho, kai ni gida.”

“Kin san fa sai wata Alhamis motar za ta dawo.”

“Ni za ka gaya wa? Ɗauko min takalmi.”

Shi da Velichka suka tallafe ta har cikin mota. Tun daga gadar ƙarshe take kiran sunayen gidaje, yawancinsu a kulle, ciyawa ta kai taga. Da yamma Ralitsa ta bugo waya tana faɗa tana kuka. Boncho ya saurara har ta gama.

Kwana bakwai Stoyanka ta yi. Ta zauna ƙarƙashin inabi tana gasa barkono, tsofaffin ƙauye na zuwa gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Ta yi masa faɗa kan yadda ya bar tukwane. A kwana na biyar ƙugun ya tashi, maganinta ya ƙare, babu mai mota a ƙauyen. Ya wuni yana gasa mata wurin da ruwan zafi, ya gane gaskiyar 'yarsa.

Ranar Laraba ya kora awakin gidan maƙwabciyarsu Penka, ya miƙa mata mabuɗi. Washegari shi da Stoyanka suka shiga motar, bai ce wa Velichka komai kan tuƙi ba.

Yanzu yana kwana a ɗakin jikansa a gidan Ralitsa. Ya shuka tumatir a bokiti uku a baranda, sun yi tsawo amma sun ƙi 'ya'ya. Stoyanka ta ce ƙasar ce ba ta da kyau. Shi dai kullum da safe yana ba su ruwa.