Abdulhafiz da Gyaran da Ba Shi da Gawa

Abdulhafiz ɗan wani masunci ne mai suna Labbo, haifaffen Argungu. Na koyar da shi a firamare, inda na san shi da ƙarancin magana da ƙin barin aiki rabi. Ya karanci kwamfuta a Birnin Kebbi, kuma a ƙarshen shekarun 1990, jihar Kebbi tana ƙuruciyarta, wata ma'aikata ta ɗauke shi domin ya kula da babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikatanta.

Irin wannan na'ura tana da manhaja mai tafiyar da ita, a tsakiyar manhajar kuma akwai ɓangaren da kowane umarni ke bi ta kansa, wanda masu sana'ar ke kira kanel. Wani lokaci kamfanin da ya ƙera manhajar yakan gano kafa a cikin kanel, wadda ɓarawon bayanai ko cutar kwamfuta za su iya bi su shiga, sai ya aiko da gyara a kan faifai. Sunan gyaran faci. Abdulhafiz yakan kwafe bayanai ya adana, ya ɗora facin, sannan ya kashe na'urar ya sake kunna ta. Ya taɓa ce mini aikin ɗaya ne da na mahaifinsa, wanda ke toshe tsagar kwalekwale tun ruwa bai fara shiga ba.

A ma'aikatar akwai ƙa'idar da aka gada daga tsohuwar jihar Sakkwato: ba a yarda an yi gyara sai an kai wa ma'ajin sito abin da aka cire. Direba ya canza taya, ya kai tsohuwar. Mai lantarki ya canza ƙwai, ya kai wanda ya ƙone. Ma'aikata suna kiran wannan abu gawa. Ƙa'ida ce mai amfani, domin ta hana gyaran ƙarya, kuma da ita ake auna ƙwazon duk wani mai gyara idan an zo ƙarin girma ko rage ma'aikata.

Ranar da Abdulhafiz ya fara zuwa sito, ma'ajin, wani dattijo mai suna Malam Tamba, ya miƙo hannu.

"Mai faci, ina gawa?"

"Baba Tamba, wannan gyaran ba a cire komai."

"Ba ka ciri komi ba, kuma ka gyara? Ko wanzami in ya yi ƙaho yana gwada ma jinin."

Abdulhafiz ya miƙa masa faifan. Dattijon ya juya shi, ya ce, "Wannan ai sabo na, ɗana. Ni matacce nika karɓa." Sai ya sassauta murya. "Tafi kasuwa ka sawo matattar fankar kwamfuta ka kawo. Ni ba ni tambayar gawa inda ta mutu."

Da ya koma gida ya ba matarsa Ɗayyaba labari, sai ta ce, "Ka kai musu fankar mana. Ai aikin ka yi shi." Ya je kasuwar, har ya ɗauki fankar a rumfar masu tsofaffin kaya, sannan ya ajiye ta. Yana ganin idan ya fara kai ƙarya sito, ba zai ƙara iya cewa a gaskata shi a kan abin da ido ba ya gani ba.

Haka shekaru suka wuce. Kwamfutocin wasu ofisoshi suna kamuwa da cuta suna tsayawa, tasa ba ta taɓa lalacewa ba, amma a sito babu ko gyara ɗaya da sunansa.

Da aka zo rage ma'aikata, darakta, Alhaji Sama'ila, ya kira shi.

"Abdulhafiz, injin ga ya taɓa lalacewa?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To mi kake gyarawa? Ni abin da na sani, ba ya tsayawa sai ran da ka taɓa shi, mutane su zauna suna jiranka."

Ya yi bayanin kafa da faci. Alhaji ya saurara da haƙuri, domin ba azzalumi ba ne, sannan ya ce, "Na ji. Amma mi zan gwada ma kwamitin rage ma'aikata?"

Ba a kore shi ba. An mayar da shi ƙaramin ofishin ma'aikatar a Argungu, inda babu kwamfuta, sai tafireta da kujeru. Na'urar kuwa aka danƙa ta ga wani ɗan kwangila da za a riƙa kira idan ta lalace. Faya-fayan kamfani suka ci gaba da zuwa ana jibge su ba a buɗe ba, ita kuwa ta ci gaba da aiki a kan facin da ya bari. Wannan ya tabbatar wa kowa cewa darakta ya yi daidai, har aka yaba masa da tsimi.

Na same shi wata rana a bakin ofishin nasa, furfura ta fara fito masa, yana buga wa wani manomi takarda. Na tambaye shi ko yana jin labarin na'urar.

"Tana nan lafiya, Malam," in ji shi. "Wani lokaci nakan roƙi Allah ta lalace, daga baya in yi istigfari."