Rokar Pak Darmaji da Hular Shugaba

Shekara talatin da ɗaya Pak Darmaji, wato Malam Darmaji a yarenmu, ya yi yana koyar da fiziks a sakandarenmu ta Banjarnegara, kuma ban san mutumin da ya taɓa jin "a'a" daga bakinsa ba. In ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. In zai gifta gaban na sama da shi, sai ya ranƙwafa ya sauke hannun dama ƙasa kamar mai neman allurar da ta faɗi. Abu guda ya iya ɗagawa sama a duniya, shi ne roka.

Ba wata roka ce ta a-zo-a-gani ba. Gorar lemo ce ta roba. A zuba mata ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakinta, a yi mata fukafukai da kwali, a ɗura mata iska da famfon keke har ta fizge ta yi sama. Da ita yake nuna wa yara cewa in ruwa ya yi baya da ƙarfi, dole gora ta yi gaba. Yaran da ke gyangyaɗi a aji su ne ke kokawa a kan famfo. Duk awon da ya yi tsawon shekarun nan yana cikin wani littafinsa da ya sha jiƙa har ya kumbura.

Saura masa wata shida ya yi ritaya sai Rukmini ta bugo masa waya. Tsohuwar ɗalibarsa ce, tana koyarwa a wata makaranta can saman dutse cikin gonakin shayi, inda ko ɗakin gwaji babu. So take ta yi wa yaranta roka, amma ta manta awon. Shi ne ya zo wurina, ni Endah, mai kula da kwamfutocin makaranta, wadda ake kira Mbak, wato 'yar'uwa.

"Mbak Endah, in ban takura miki ba, in kuma kina da sarari, in kuma ba laifi..."

"Pak, don Allah faɗi kawai, shayina na hucewa."

Shafin intanet yake so, ɗan ƙarami: zane shida, jadawalin awo, da gargaɗin kada yaro ya leƙa bakin gora. Kwana biyu na gama, kuma ko a tsohuwar waya kafin ka ƙifta ido ya buɗe. Da a nan muka tsaya da shi ke nan. Amma a wajen Pak Darmaji, yin abu ba da sanin shugaba ba rashin tarbiyya ne, don haka ya je neman izini.

Shugaban makaranta, Pak Suwignyo, ya ji daɗi har ya kafa kwamiti na mutum goma sha bakwai. Aka ɗinka rigunan batik iri ɗaya. Aka yi zama uku, kowanne da kwalin soyayyar ayaba. A takardar naɗi sunan Pak Darmaji ya zo na goma sha huɗu, a matsayin mataimaki a sashen kayan aiki.

A zama na uku na haska shafin a bango, roka a sama, ɗan hoton shugaba a ƙasa. Mataimakiyarsa, Bu Hartati, wato Malama Hartati, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Mbak Endah, gorar lemo kika ɗora wa Pak shugaba a ka? Ke a gidanku ana taɓa kan babba?"

Aka sauko da roka, aka ɗaga shugaba, aka faɗaɗa shi har ya cika allo, da baƙar hularsa da komai. Tunda ya hau, ba zai yiwu mataimakiya ta zauna ƙarƙashin shara ba, ita ma ta hau. Haka aka jera mutum goma sha bakwai bisa girma, kowa ya ɗaga babban yatsa. Aka ƙara jawabin maraba, aka sa taken makaranta ya riƙa tashi da kansa. Roka ta koma can ƙarshe.

"Ya ka gani, Pak Darmaji?" in ji shugaba.

"To, Pak. Haka ne, Pak."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na san nauyin hotunan nan ba zai hau dutse ba. Amma kada in yi ƙarya, da aka juyo kaina ni ma "To, Pak" na ce.

Ranar buɗewa aka tula shinkafa mai kurkum kamar dala, aka gayyato babban jami'i daga sashen ilimi, ya buga ƙararrawar tagulla sau uku. Ana cikin jawabi wayar Pak Darmaji ta yi ƙara. Ina gefensa, ina jin komai. Rukmini ce, ta haura tudun da ake samun sabis, yaranta na biye da ita da gora arba'in da suka tsinto.

"Pak, minti arba'in muna tsaye muna jiran shafin ya buɗe. Hular shugaba ta gama saukowa, yanzu ga gira nan ta fara fitowa. Rokar tana da nisa?"

Tana da nisa, saura hotunan mutum goma sha shida da jawabin maraba. Na ga wuyan Pak Darmaji ya yi ja. Sai ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi a taro ba. Kowa ya juyo ya dube shi.

"Pak shugaba, in ba laifi... hoton nan naka..."

"Me ya sami hoton?"

Ya dubi shugaba, ya dubi baƙon.

"Ya yi kyau ƙwarai, Pak."

Aka tafa. Ni kuwa saura kaɗan in yi kuka. Ya ja da baya a ranƙwafe, ya fice. Da na bi shi na same shi bayan ɗakin ajiya, littafi a gwiwa, waya a kunne, yana cewa, "Kashi ɗaya cikin uku, 'yata. Bugun famfo ashirin tukuna. Kada kowa ya leƙa bakin." Ranar Asabar ya ɗaure famfo a bayan babur ya yi tafiyar awa uku, kuma a can ya baro littafin.

Shafinmu ya ci kyautar gunduma a bana. Bayan ritayarsa Rukmini ta aiko mini da hoto: gora can sama da gonar shayi, yara baki buɗe, Pak Darmaji a tsakiya jiƙe sharkaf yana dariya. Ranar na fara sanin dogo ne, don ban taɓa ganinsa a miƙe ba. Kwamiti ya zauna ya amince a saka hoton, a ƙarƙashin na goma sha bakwai.

Na buga wa Rukmini na tambaye ta ko yaranta sun ga kansu a shafin.

"Tukuna, Mbak," ta ce. "Amma shekaranjiya da gari ya yi garau mun kai gashin baki."