Likitan da Ya Tsare Min Yatsun Ɗana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, Allah ya karɓi ran Likita, mai duba tsararru a ofishin tsaro na garinmu. A bakin famfo maƙwabciyata ta faɗa min, sai da na ajiye bokiti na zauna.

Likita, na san ka ne shekarar da bam ya tashi a tashar mota, aka sa dokar ta-ɓaci. An kwashe samarin layinmu kaf, har da ɗana tela, da abin awo a wuyansa. Ban ga laifin bincike ba, an kashe bayin Allah, dole a nemo masu hannu. Amma cikin waɗanda ake sakowa, wani ko cokali ba ya iya riƙewa. Mu kuwa da yatsun yaron nan muke ci.

Ka kafa ƙa'ida: ba a shiga da kowa ɗakin tambayoyi sai ya tuɓe riga ka duba shi, in an fito da shi ka sake dubawa, a gaban wanda ya shiga da shi. Aka yi ta gunaguni wai kana tausayin 'yan ta'adda. Alhali ƙanenka na cikin waɗanda bam ɗin ya kashe.

Rannan na tare ka a bakin ƙofa, na cafke rigarka ina kuka. Ka ce, "Mama, sakar min riga kar ta yage, telan yana ciki." Na yi dariya da hawaye a fuska. Sannan ka ce, "Ban ce zai fito ba. In da hannunsa, kotu ta hukunta shi. Amma yadda ya shigo, haka alƙali zai gan shi."

Haka kuwa aka yi. Masu hannu suna kurkuku, ɗana ya dawo kan kekensa, yatsunsa lafiya lau. Har yau gabana faɗuwa yake in mota ta tsaya a ƙofar gida, amma ina alfahari an yi irinka a garinmu. Sai da na yi furfura na koyi riƙe biro, kuma ban taɓa gode wa Allah a kan haka kamar yau ba.

Ga uwargidan Likita da 'ya'yansa, Allah ya ba ku haƙuri. Ku ɗaga kai, mahaifinku ya yi aikinsa. Likkafaninsa ɗana ne ya ɗinka, da yatsun nan.

Allah ya jiƙanka, Likita, ya haskaka kabarinka. Yadda ka tsare jikin 'ya'yan mutane, Allah ya tsare naka daga wuta. Amin.