Tagar da Ta Ƙi Buɗe wa Maman Tagwaye

Shekara talatin da ɗoriya na yi a aikin reluwe, mafi yawansu a tashar Kafanchan. Bayan ritaya na bi fatauci har Maradi da Garwa da Kumasi. Duk inda na je, taga nake fara lura da ita. A Maradi ma'aikaci ba ya ɗaga tagarsa sai ya karanta takardarka ta cikin gilashi. A Garwa tagar a buɗe take, mutumin ne ba ya nan. A Kumasi za a buɗe maka, a gaishe ka da kyau, sannan a ce ka dawo jibi. Ban taɓa zaton a tsufana zan yi faɗa da tagar da ba ta da katako ba.

'Yata ta uku tana Kaduna, aikinta gina shafukan intanet. Bayan cuta ta cinye gonakin citta a wajenmu, wata ƙungiyar manoma ta samo iri mai lafiya za ta raba wa 'ya'yanta, ta roƙi 'yata ta yi mata shafin rajista. Manomi zai sa lambarsa ta ƙungiya da sunan ƙauyensa, ya danna, wata sabuwar taga ta buɗe da takardar da zai buga ya kai sito.

A gininta na farko, da an danna tagar take buɗewa, tun kafin babbar kwamfutar da ke riƙe da sunaye, wadda suke kira saba, ta duba komai. In lambar ta yi daidai, takarda ta fito. In ba ta yi ba, abin da ke fitowa layi ɗaya ne da Turanci, cewa ba a san wannan lamba ba. To mu nan, duk abin da ya fito daga firinta sai an yi masa laminatin. Mutum wajen goma sha suka isa sito da takardar ƙi a cikin leda mai sheƙi, wani har ya sa tasa cikin Littafi Mai Tsarki don kada ta lanƙwashe.

Da na ba 'yata labari a waya, ta yi dariya har ta ƙware. Na ce mata a reluwe jirgi ba ya barin tasha sai tashar gaba ta buga ta ce hanya a buɗe take. Ta ce, "Baba, ai abin da zan yi ke nan." Ta gyara. Daga ranar, sai saba ta duba ta yarda sannan tagar ta buɗe.

Maƙwabciyata, wadda kowa ke kira Maman Tagwaye, mutuniyar Kagoro ce, mijinta ya rasu, citta ce abincinta da makarantar 'ya'yanta. Tana cikin waɗanda suka yi wa ƙi laminatin, don ta juya lamba biyu. Ranar Asabar ta ƙarshen rabon, da mota za ta kwashe ragowar iri ta bar sito da azahar, ta tsaya a ƙofata da hantsi.

"Baba, tunda yarinyanka ne ya yi wannan abu, kai za ka raka ni. In ya ƙi ni kuma, kai ne shaida."

Muka je shagon intanet na wani mutum mai gemu kusa da kasuwa. Ya sa lambarta, na karanta masa ita sau biyu daga katinta, ya danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a allon kwamfutar, ya tsaya. Ba taga, ba takarda, ba ko layin Turancin nan.

"Shi ke nan," in ji ta. "Wancan karo ko ƙi ya ba ni a rubuce. Yau ko magana bai yi mini ba."

Sakataren ƙungiyar ƙanin mijinta ne, kuma akwai tsohuwar rigimar iyakar gona tsakaninsu. Kafin in buɗe baki ta kira shi. Ta fara da Hausa, ta koma yarensu, ta dawo Hausa don mu ma mu amfana. Ta ce ya goge sunanta, ta ce Allah na ganinsa, ta ce gobe za ta tashi a gaban zumuntar mata a coci ta faɗi komai. Ta kashe wayar kafin ya gama cewa "Wane suna?"

Na ce wa mai shago ya sake dannawa. Wannan karon rubutu ya fito da ja: wannan lamba ta riga ta yi rajista.

"Ka gani! Ya ba wani buhuna!"

Ni kuwa nan hankalina ya kwanta. Na ce, "Maman Tagwaye, zauna. Wanda ya yi rajistar ke ce, minti biyar da suka wuce. Tashar gaba ta ce a taho. Wani ne a nan kusa bai ɗaga sigina ba."

Na kira 'yata. Ta ce a duba can sama, gefen dama. Akwai wata 'yar alama kamar ƙwayar gero. Ta bayyana mini cewa burauza, manhajar da ake buɗe shafi da ita, tana barin taga ta buɗe in dannawa ce ta buɗe ta nan take. Amma in an jira amsar saba tukuna, sai ta ɗauka talla ce ke son kutsowa, ta tare.

Mai shago ya sosa gemu. Ya ce shi ya ƙara kulle ta da hannunsa, tun ranar da wani fasto ya zo buga jadawalin wa'azi, tagar 'yan caca ta faɗo masa, wata kuma ta biyo baya da mace ba ko ɗankwali, balle sauran.

"To buɗe mini," in ji Maman Tagwaye. "Ni na haifi biyu a rana ɗaya, babu abin da zan gani."

Ya buɗe. Takardar ta fito da sunanta da buhu biyu. Na ce ta ruga, rana ta yi. Ta dube ni kamar na ce ta je coci ba takalmi. Sai da aka yi laminatin.

Na bi ta a wani babur don ta ce shaidata ba ta ƙare ba. Mun tarar ana ɗaure igiyar mota, kuma mai riƙe da jerin sunaye a bakin sito ƙanin mijin nata ne. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya karanta a hankali kamar wasiƙa daga nesa.

"Gobe ƙarfe nawa ne zumuntar matan?" ya ce. "Ina so in zo da wuri in sami kujera."

"Sauke mini buhuna, kai. Zafin rana ne ya yi magana."

Ya sa aka sauke, ya kama mata ɗaya da kansa har kan babur. A makon nan 'yata ta sake gyara shafin: in saba ta yarda, wani babban maɓalli ne ke fitowa, mutum ya danna da hannunsa tagar ta buɗe. Takardar ƙin nan ta farko kuwa har yau tana gidan Maman Tagwaye. Da ita take fifita wuta.