Abin da Jamil yake roƙo

"Lima, lima." Abin da Jamil yake ta maimaitawa ke nan a kan gadon asibiti a Bur Dubai.

Ɗan Filifin ne, shekara huɗu muna gyaran AC tare. Da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, Turancinsa ya ɓace, yarensu kaɗai ya rage a bakinsa.

Wata nas 'yar ƙasarsu, amma daga wani yanki, ta ce mini lima biyar ne. Na shiga lalube: ƙarfe biyar? Kwana biyar? Salloli biyar? Ina tsaye a kansa, hannuwana cikin aljihu, ina ta cewa, "Inshallah za ka warke, habibi." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya rufe ido.

Washegari da hantsi ya cika.

Da na kira matarsa ta'aziyya, na tambaye ta zancen biyar ɗin. Ta ce, "A yarenmu na Tausug, lima biyar ne, kuma hannu ne. Hannu yake roƙo, ɗan'uwa. Ka riƙe masa?"



Jama'a, in ku ne, za ku iya faɗa mata gaskiya?