Allurar da Ta Tsallake 'Yar Fari

Matso kusa ka ji, wannan maganar ba ta ɗaga murya ba ce.

Shekarar da mashaƙo ya shigo Kano, mu nan Gyadi-Gyadi ko tari yaro ya yi sai gaban uwarsa ya faɗi. Ni ba mai fita ba ce, a bakin masu talla nake jin labari: an yi riga-kafi a Daurawa, an yi a Unguwar Gano, mu shiru. Ran da masu allurar suka shigo gidanmu da akwatinsu na ƙanƙara, sun gaji tiɓis. Babbarsu ta ɗaga kwalba ta duba, ta ce da ni, "Hajiya, saura kaɗan fa. A kawo ƙananan tukun."

Akwai matar wani tela da ke haya a ɗakin ƙofa, yarinya ce mai kunya, 'yarta ɗaya tal. Ka san halinmu da 'yar fari, uwa ko sunanta ba ta faɗa, balle ta turo ta gaba a cikin mutane. Sai ta ja baya ta ce, "Yaya, a fara da jikokinki."

Na ce, "Ke dai kawo taki."

Ta ce, "Wa? Waccan mai ƙaton kan? Ai ƙarfe ce, ta jira."

Muka kwashe da dariya, har da masu allurar.

To, kara ta yi min, kuma na san yadda ake yi. Babba ce ke tashi ta finciko yarinyar da hannunta, ta ce wannan tawa ce, a yi mata. Ni kuwa hannuna biyu na riƙe da jikokina. Aka yi musu, kwalba ta ƙare. Suka ce za su dawo, kuma sun dawo ɗin, amma lokacin wuyan yarinyar ya riga ya kumbura, tana asibiti.

Allah Ya tashi kafaɗunta. Ta daɗe dai tana magana ta hanci, in ta sha ruwa ya ƙware ta. Uwar ba ta taɓa canza min fuska ba. Jiya ma ta aiko yarinyar da ɗanwake, ta durƙusa ta ce, "Inna, ga shi in ji Umma."

Na karɓa, na kasa ci. Maigidana ya ce ba ni na raba allura ba, masu rabo ne suka kawo kaɗan. Haka ne. Amma kai da kake ji na, da jikokinka ne a hannunka ran nan, wanne za ka saki ka jawo 'yar mutane?